Yadda za ka sarrafa fargaba kafin gasa da bayanta

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Maraɗi, wanda ke ɗauke da sunan Yakuba Kantu, zakaran gasar takobi ta farko a 1975, ya ga yadda ɗan kokowa ke kai-komo yana yarfa hannu, gumi na tsattsafo masa tun bai kama kowa ba. Haka abin yake ga ɗalibin da ke jiran a raba takardun jarrabawar BEPC. Sinadaran jiki ne da ake kira homon ke wannan aiki. Adirenalin yana fitowa daga saman ƙoda cikin ƴan daƙiƙu, ya hanzarta bugun zuciya, ya tura jini zuwa tsoka, sannan kotizol ya biyo baya, ya kai ƙololuwa bayan minti 20 zuwa 30, yana ƙara sukari cikin jini. Testosteron ma, homon da ke da hannu wajen ƙarfin tsoka da zafin gasa, yakan hau kafin karawa. Ba za ka iya hana su fitowa ba, amma fassarar da ka yi musu tana da hannu wajen ko za su taimake ka ko su daburta ka.

Ka fara da barci, tun mako guda kafin ranar. A wani bincike na Jami'ar Shikago a 2011, samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa 5 na mako ɗaya, testosteron ɗinsu ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Saboda haka kwanan fada ana shayi, ko raba dare ana bita, asara ce. Tramol kuwa kada ka kusance shi, domin maganin ciwo ne mai kama jiki, yana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Idan ranar ta zo, gabanka na faɗuwa, mutane za su yi ta ce maka ka kwantar da hankalinka. A ganina wannan shawara ba ta cika aiki ba, domin jikin da ya riga ya ɗauki zafi ba ya hucewa da umarni. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka sauya wa yanayin ma'ana. Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta nuna a 2014 cewa waɗanda suka faɗa wa kansu cewa ɗoki suke yi kafin jawabi ko lissafi sun fi taɓuka abin kirki. Wanda ya ɗauki karawa a matsayin abin da yake da ƙarfin tunkara, jijiyoyin jininsa sukan saki, zuciya ta harba jini sosai, wanda kuwa ya ɗauke ta barazana, jijiyoyin sukan tsuke. Kirarin da makaɗa ke yi wa ɗan kokowa wannan aikin yake yi, yana tuna masa waɗanda ya kayar.

Ka haɗa da numfashi: ka ja iska ta hanci, ka fitar a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, domin hakan yana rage gudun zuciya. Ɗalibi kuma ya ɗauki minti 10 ya rubuta abin da ke damunsa, dabarar da aka gwada a 2011 aka ga ta ɗaga makin masu yawan fargaba. Da an fara, ka bar ƴan kallo, ka sa ido kan ƙafar abokin karawa ko tambayar da ke gabanka.

Bayan an tashi ma jiki bai gama aikinsa ba. Testosteron yakan hau ga wanda ya yi nasara, har ga magoya baya, kamar yadda aka auna a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1994, inda na masoyan Barazil ya hau, na masoyan Italiya ya sauka. Saboda haka, idan kai ka yi kaye, kada ka yi alkawarin kuɗi ko ka ƙalubalanci wani a wannan daren. Idan kai ka sha ƙasa, kada ka yanke hukuncin barin fagen, ka bari sai ka kwana, sannan ka zauna da mai horar da kai ku gano takamaiman kamun da ya kai ka ƙasa da atisayen da zai gyara shi.