Mai buɗaɗɗen sama ko mai rufin dindindin: inda masu sayen motar ƙasaita ke tafka kuskure

Yawancin masu sayen mota mai ƙofa biyu wadda rufinta ke ninkewa, rana guda suke hange: yammacin wata Asabar, iska na kaɗawa, jama'a na waiwaye. Sauran kwanakin shekara kuwa ba a sa su a lissafi. Kafin ka biya, zauna ka ƙirga sau nawa za ka buɗe rufin da gaske. Wanda ke Monaco ko Kalifoniya lissafinsa daban. Kai da ke Kano ko Sakkwato, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙura, damina ta zo da nata. In amsarka ba ta wuce sau goma ba, ɗauki mai rufin dindindin ka huta.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar cewa mai buɗaɗɗen sama da mai rufin dindindin mota ɗaya ce, hula kawai aka cire wa ɗaya. Rufi yana cikin abin da ke riƙe gangar jikin mota. Da zarar an cire shi, dole kamfani ya ƙara ƙarfe a ƙasa da gefuna, ga kuma nauyin injin ninke rufin. Shi ya sa Porsche 911 Cabriolet samfurin 992 ta fi 'yar'uwarta mai rufin dindindin nauyi da kusan kilo 70, kuma da aka fito da su a Amurka ta fi ta tsada da kusan dala dubu 13. McLaren 720S Spider ta rage wannan giɓi zuwa kilo 49 saboda ƙashin jikinta na zaren kabon ne, wani abu mai ƙarfi marar nauyi, amma ba kowace mota ke da wannan gata ba. Maganin abin, gwaji. Kada ka yarda dillali ya zagaya da kai kan shimfiɗaɗɗen titi kaɗai. Nemi hanya mai gargada, ka sa ido kan madubin tsakiya, ka saurari sitiyari a tafin hannunka. In madubin yana rawa, jikin motar ne ke murɗawa.

Akwai kuma masu cewa rufin ƙarfe mai ninkewa ya fi na yadi ko ta ina. Ni dai ban yarda ba, kuma kamfanonin ma sun fara juya baya. BMW ta mayar da 4 Series kan rufin yadi a 2020, Mercedes ta yi haka da SL a 2021, Ferrari ta fito da Roma Spider mai rufin yadi a 2023. Na ƙarfen yana da nauyi, yana cinye but, gaɓoɓinsa kuma sun yi yawa. Na yadin shi ma ba ya son kwana a rana, sai da gareji.

But ɗin ma, ka duba shi rufi a ninke, ka zo da akwatinka na tafiya ka gwada. Kujerun baya na 911 kuwa, na jaka ne da ƙananan yara.

Inda aka fi asara shi ne wajen sayen tokumbo. Mutum ya duba fenti da inji, ya danna maɓallin rufi sau ɗaya, ya ce ba laifi. Haba! Buɗe ka rufe sau uku a jere, kana lura da lokaci: na 992 daƙiƙa 12 yake ɗauka, in ya tsaya yana nishi a tsakiya, akwai magana. Sa a watsa mata ruwa da tiyo, sannan ka ɗaga dardumar ƙasa ka taɓa. Ƙananan magudanan ruwan da ke bayan kujeru sukan toshe da ƙura da ganye, ruwa ya taru ya jiƙa na'urorin lantarki. Sannan ka tambayi bakanikenka tun kafin ciniki ya faɗa: Oga, ka taɓa kwance famfon rufin irin wannan? In ya fara sosa ƙeya, nemi lambar wanda ya taɓa, ka ji kuɗin aikinsa, ka cire shi daga abin da za ka taya.