Darasi na 9: Ashanar Fata

A ajin nan ba a rasa wadda ta taɓa yin kwanika, ko wadda ta ga 'yar'uwarta ta yi. Goyo bai cika wata takwas ba, sai ga wani ciki. Yaron baya ya rame, uwa kuma ga laulayi, ga goyo, ga tukunya a kan murhu. Likitoci suna ba da shawara mace ta huta aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani cikin. Hanyoyin hutun suna da yawa, akwai ƙwaya, akwai allura, akwai robar mahaifa. Yau za mu tsaya a kan wadda ake sa wa a hannu, wato ashanar fata.

Mece ce ita?

'Yar roba ce siririya mai laushi, tsawonta kamar tsinken ashana, wajen santimita 4. Daga nan ta samo sunanta. Ana sa ta a ƙarƙashin fatar damtse, ta ɓangaren ciki. Kullum tana sakin ɗan sinadari a jini, mai kama da wanda jikin mace yake yi da kansa. Sinadarin yana hana ƙwai fitowa, yana kuma sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri, maniyyi ya kasa wucewa.

Iri biyu aka fi samu a asibitocinmu. Implanon tsinke ɗaya ce, tana aiki shekara 3. Jadelle tsinke biyu ce, tana aiki shekara 5. A cikin mata 100 masu ashana, wadda take samun ciki a shekara ba ta kai ko ɗaya ba. Dalilin a fili yake: ƙwaya ana mantawa a sha, allura ana mance ranar komawa, ita kuwa wannan tana nan a damtse ko kin tuna ko ba ki tuna ba.

Ranar sawa

Ma'aikaciyar lafiya za ta fara da tambayoyi. Yaushe kika ga al'ada? Kina shayarwa? Kina shan wani magani? Ki faɗa mata gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganin tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya da wasu na cutar ƙanjamau suna rage ƙarfin ashana. Mai ciwon dajin nono, da mai ciwon hanta mai tsanani, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, su ma ba a sa musu. Mai shayarwa kuwa ba matsala, ana iya sa mata tun kafin ta bar asibiti bayan haihuwa, kuma nono ba ya raguwa.

Za ki kwanta, ki miƙa hannun da ba ki cika aiki da shi ba. A wanke wurin, a yi allurar kashe zafi. Wannan allurar ce kaɗai za ki ji. Cikin 'yan mintoci an gama, ba ɗinki. Sai ta kama yatsanki ta ɗora a wurin.

"Maman yaro, kin ji ta?"

"Na ji, Malama. Ashe iyakarta ke nan? To daka fa, da ɗibar ruwa?"

"Ki ba hannun kwana biyu zuwa uku ya huta. Kada ruwa ya taɓa wurin har kwana 4. Daga nan ki yi dakanki, ba abin da zai same ta."

Idan an sa ta a cikin kwana 5 na farkon al'ada, aiki ya fara nan take. Idan a wani lokacin ne, sai a yi haƙuri kwana 7, ko maigida ya yi amfani da kwaroron roba. Ashana ciki kawai take hanawa, ba ta kare mutum daga ƙanjamau ko ciwon sanyi.

Maganar jini

Nan ne mata da yawa suke karaya, don haka mu tsaya a kai. Al'ada takan canza. Wata za ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo ba lokacinsa ba. Wata jinin ya daɗe bai ɗauke ba. Wata kuma ya ɗauke gaba ɗaya, wata da watanni, har maƙwabciya ta ce mata jinin taruwa yake yi a ciki. Ba taruwa yake ba. Bangon mahaifa ne bai yi kaurin da zai zubo ba, kamar dai yadda mai shayarwa takan daɗe ba ta ga al'ada ba.

Ga musulma wannan ya wuce maganar lafiya, domin ya shafi sallah da azumi da shimfiɗar aure. Ki riƙa sa alama a kalanda ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. Da kalandar za ki je wa malamar islamiyya ta bambanta miki haila da istihala, da ita kuma za ki je asibiti. Akwai maganin da ake bayarwa na 'yan kwanaki don rage zubar. A ganinmu duk matar da aka yi wa wannan bayanin tun kafin a sa mata, ba ta cika firgita ba idan abin ya zo. Wasu kuma sukan yi ciwon kai, ko nono ya riƙa yi musu ciwo, ko ƙuraje su fito a fuska.

Kada ki jira idan jini ya yi yawa har kina jin jiri, ko wurin ya kumbura yana ruwa, ko kin lalluba ba ki ji tsinken ba, ko kina zaton ciki. Ki koma a ranar.

Cirewa

Ba sai shekarun sun cika ba. Duk ranar da ke da maigida kuka so ƙarin haihuwa, ko kika ji ba ta karɓe ki ba, haƙƙinki ne a cire miki. Ma'aikaciyar da aka koya wa aikin ce take cirewa, ba wanzami ba, ba mai kemis ba. Da an cire, ciki yana iya shiga ko a watan. Tun 2011 gwamnatin Najeriya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta, amma ki riƙe ɗan canji, wani wurin akan nemi kuɗin kati ko safar hannu.

Aikin aji

Za a ba ki kati mai ɗauke da sunan ashanar da ranar sawa da ranar cirewa. Ki adana shi tare da katin rigakafin yara. Yanzu ku rubuta amsa a littafinku: an sa wa mace Implanon a watan Maris na 2025, a wace shekara za a cire? Idan Jadelle ce fa?