Kurakuran da amintattun ƙananan ƙungiyoyin taimakon gida suka fi yi

A Landan, Manchester, Birmingham da sauran biranen Ingila akwai 'yan uwanmu da ke haɗa kuɗi don aikin alheri a gida: rijiyar burtsatse a wani ƙauyen Katsina, ajujuwa biyu a bayan garin Damagaram, kuɗin makarantar marayu. Galibi abin daga zauren WhatsApp yake farawa. Da kuɗin shiga ya haura fam 5,000 a shekara, doka ta ce a yi rajista da hukumar Charity Commission mai kula da ƙungiyoyin agaji a Ingila da Wales. Sai a rubuta sunan mutum biyar ko shida a matsayin amintattu. Ba mai biyansu ko sisi, kowa da aikinsa na rana, kuma da yawansu sun amsa ne don Dakta ya buga waya ya ce, "Sunanka kawai muke so a takarda."

Babu amintaccen da sunansa kawai ake so. Daga ranar da ya sa hannu, alhakin duk abin da ƙungiyar ta yi yana wuyansa daidai da na shugaba, ko ya halarci taro ko bai halarta ba. In kuma ƙungiyar ba ta da irin rajistar da ke raba ta da mutanenta a idon doka, kamar tsarin CIO da aka fara a 2013, bashin da ta ci yana iya biyo shi har aljihunsa. Don haka kafin ka amsa, nemi kundin tsarin ƙungiyar ka karanta, ka duba lissafin bara, ka tambayi wa ke riƙe da asusun banki. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi tun kafin ka shiga, ya riga ya gaya maka yadda zaman zai kasance.

Kunyar tambaya

A ganina yawancin ɓarnar da ke faruwa ba sata ce ke kawo ta ba, kunya ce. Shugaba dattijo ne, shi ya kafa ƙungiyar, ya fi kowa zuba kuɗinsa. Ma'aji amininsa ne tun suna jami'a. A taro ma'aji ya ce an tura fam dubu huɗu gida, aiki yana tafiya lafiya, kowa ya ce masha Allah. Wata matashiya da ta karanci aikin akanta ta ce, "Baba, ko za mu ga rasit ɗin?" Nan take wani ya tare ta: "Haba Hajiya, Alhaji ne fa." Ta yi shiru, kuma ba za ta sake tambaya ba. Shekara biyu bayan haka banki ya nemi bayanin inda kuɗin suka shiga, a rasa takarda ko ɗaya. Ba wanda ya ci kwabo, amma ba mai iya tabbatar da hakan.

Ba za ka cire kunya daga zuciyar Bahaushe da wa'azi ba. Abin da ke aiki shi ne a ɗauke tambayar daga bakin mutum a mayar da ita ƙa'ida. A rubuta cewa duk kuɗin da za su fita sai mutum biyu sun amince, kuma waɗannan biyun ba miji da mata ba ne, ba wa da ƙane ba. Takardar bayanin asusu ta banki a riƙa tura wa kowane amintacce duk wata, ita kanta, ba taƙaitawar ma'aji ba. A kowane taro a fara da lissafi kafin a shiga hotuna. Dattijon nan shi ya kamata ya kawo wannan shawara da bakinsa, domin shi za ta fi karewa ranar da tsegumi ya tashi. Kuma zai tashi.

Kusa da wannan akwai batun dangi. Kwangilar tona rijiya ta faɗa hannun ƙanen shugaba da ke Funtuwa, saboda "shi muka sani, ba zai cuce mu ba." Yana yiwuwa shi ya fi cancanta. Laifin shi ne a ba shi yayansa na zaune, a kuma ƙi rubutawa. Shugaba ya bayyana alaƙar, ya fita, sauran su kwatanta farashin mutum biyu ko uku, su rubuta dalilin zaɓinsu a kundin taro. Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya tuna da gidauniyar Kyaftin Tom Moore, tsohon sojan da ya tara wa ma'aikatan lafiyar Birtaniya fiye da fam miliyan 30 a 2020. Rahoton da hukuma ta fitar a Nuwamban 2024 ya ce 'yarsa da mijinta sun ci gajiyar ƙungiyar don kansu, an kuma hana su riƙe muƙamin amintattu na shekaru. Kyan suna bai kare su ba.

Kuɗin da aka ba ka don abu kaza

An yi shela an tara kuɗin rijiya. Azumi ya kawo kai, aka ce ai mutane suna jin yunwa, a ɗan taɓa a sayi gero da sukari, a mayar daga baya. Niyya mai kyau, amma dokar Ingila ta ɗauki kuɗin da aka tara da sunan wani aiki a matsayin amanar wannan aikin kaɗai. Maganin yana cikin sanarwar neman taimakon: tun farko a rubuta cewa in kuɗin sun yi rara, ko aikin ya gagara, za a sa su a wani aiki makamancinsa. In ba a rubuta ba, sai an koma ga masu bayarwa ko an bi hanyar da hukuma ta tsara.

Zakka ta fi wannan nauyi. Suratut Tauba, aya ta 60, ta lissafa mutum takwas da ake ba, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, ba su ga a gina masallaci ko makamancinsa da ita ba. Mai kawo zakka ya ɗauka za ta isa hannun talaka ne. Ma'aji ya ware mata shafinta daban, sadaka daban.

Hanyar da kuɗi ke bi zuwa gida

Nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi jefa kansu cikin wahala. A tura kuɗi asusun wani ɗan uwa, ko a damƙa wa mai tafiya Kano ambulan, ko a bi ta hannun ɗan canji don farashinsa ya fi na banki. Hukumar Charity Commission ta daɗe tana gargaɗi kan aika tsabar kuɗi ta hannun matafiyi, kuma duk wanda zai fita Birtaniya da tsabar fam 10,000 ko fiye sai ya bayyana wa kwastan. Hukumar haraji ta HMRC ma tana son ganin matakin da kuka ɗauka don tabbatar da cewa kuɗin da suka tsallaka ƙetare aikin agaji suka yi, in babu hujja tana iya janye rangwamen haraji. Bankunan kuma ba su da haƙuri da ƙungiyoyin Musulmi masu tura kuɗi yankin da ake rikici: a 2014 bankin HSBC ya rufe asusun masallacin Finsbury Park da na Ummah Welfare Trust. Ƙungiyar da ba ta da takardu ba ta da abin kare kanta in irin wannan wasiƙa ta zo.

A nemi abokin aiki a gida mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, mai asusu da sunan ƙungiya, a rubuta yarjejeniya ko shafi biyu ce. A riƙa tura kuɗi kashi-kashi: na farko a haƙa, a turo rasit da rahoto, sannan na biyu ya tafi. Wannan yana kare ku daga wata matsalar ma. A Yunin 2023, da aka saki naira, dala ta tashi daga kusan 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Duk wanda ya canza kuɗin aikin shekara guda a lokaci ɗaya ya ajiye a asusun naira, yana kallo siminti da rodi suka gudu suka bar shi. Masu aiki a Nijar nasu ya bambanta, tunda sefa a ɗaure take da yuro, amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin ECOWAS ya toshe hanyoyin banki har zuwa Fabrairun 2024, sannan a Nuwamban 2024 gwamnati ta janye izinin aikin ƙungiyar Acted ta Faransa. Kwamitin da ke aiki can ya kamata ya zauna ya tsara abin da zai yi in hanya ta sake rufewa.

Bayan an yanke kyalle

Ranar buɗe rijiya kowa yana nan. Mai gari da rawaninsa, allo ɗauke da sunan ƙungiya, yara suna tara hannu a bakin famfo, bidiyo ya zagaya waya. Koma bayan wata goma sha takwas. Sumo ya ƙone, an kwance faranti biyu na sola da dare, tankin a bushe, mata sun koma rafi da jarkokinsu. Sai kwamiti ya hau faɗa da ɗan kwangila, an bar jaki ana dukan taiki. Tun farko ba wanda ya tambayi wa zai gyara, da kuɗin wa, kuma a wace kasuwa ake samun kayan gyaran.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A 2006 aka yi shelar tallafin fiye da dala miliyan 16 ga famfon PlayPump, wani lilo da yara za su riƙa juyawa ruwa yana hawa tanki. Masu ba da kuɗi a Amurka sun yi ta yabo. A ƙauyukan Mozambik kuwa mata ne suka koma tura lilon da hannu, in ya lalace a yi watanni ana jiran mai gyara, kuma wasu wuraren an cire musu famfon hannu mai aiki ne aka kafa shi ba tare da an tambaye su ba.

Kafin a haƙa, a zauna da mutanen gari, kuma a ji ta bakin mata a keɓe, don su ke ɗebo ruwan. A yi gwajin ƙasa. A tabbatar da yawan ruwan da rani, wajen Maris ko Afrilu, ba da damina ba. Filin a rubuta cewa na al'umma ne, mai gari da shaidu su sa hannu, kada gobe magada su kewaye shi da katanga. A kafa kwamitin ruwa da zai riƙa karɓar ɗan abin da aka yarda a kan kowace jarka don gyara, a kuma sanar da RUWASSA, hukumar samar da ruwa a karkara ta jihar. Wani lokaci famfon hannu da makanikin garin ya iya kwancewa ya fi na sola amfani, ko da bai yi kyau a hoto ba. Ajin makaranta ma haka: in ba a yi magana da sashen ilimi na ƙaramar hukuma kan malami ba, awaki ne za su kwana a ciki.

Duk wannan bibiya kuɗi take ci, shi ya sa alƙawarin "kowane kwabo zai isa ga mabukata" yake cutar da mai yin sa. Wa zai biya kuɗin motar mai zuwa dubawa, da ladan banki, da mai binciken lissafi? Ku faɗa wa masu bayarwa gaskiya. Ku kuma karɓi Gift Aid, inda HMRC ke ƙara kwabo 25 a kan kowane fam da mai biyan haraji ya bayar, muddin ya cike takardar amincewa. Ƙungiyoyi da yawa suna barin wannan kuɗi don ƙyuyar cike fom. A ajiye kuma abin da zai riƙe ƙungiya na 'yan watanni. Ƙungiyar agajin yara ta Kids Company a Landan, da girmanta da tallafin gwamnati, ta rufe a Agustan 2015, kuma ƙarancin ajiya na cikin abin da hukuma ta soke ta a kai.

Hotunan marayu a Facebook, da sunansu da labarin rasuwar ubansu, a daina sai da yardar mai riƙonsu, kuma ko da yardar a sakaya suna. Tun bayan abin kunyar ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam a Haiti da ya fito a 2018, hukuma tana sa ran kowace ƙungiya, komai ƙanƙantarta, ta san wa ke kusantar yara da sunanta, kuma ta kai rahoto in wani mummunan abu ya faru.

Sai batun kujera. Kundin kyakkyawan shugabanci na ƙungiyoyin agajin Ingila ya ce wanda ya wuce shekara tara a kwamiti a duba zamansa da kyau kafin a sabunta. Mu kuwa sai mutum ya gaji ko ya koma gida. Ku sa wa'adi a rubuce, ku jawo matasan da aka haifa a Ingila waɗanda suka san fom da doka, ku samu ko mutum ɗaya daga garin da ake wa aikin ya riƙa shiga taro ta waya. Lambobin sirri na imel, banki da shafin hukuma kada su zauna a kan mutum ɗaya. Ƙungiyar da kuɗin shigarta ya haura fam 25,000 tana da wata goma bayan ƙarshen shekarar lissafinta ta miƙa rahoto, in ta makara za a nuna hakan a shafin rajista inda duk mai niyyar ba ku kuɗi zai gani. Sakatare ya sa ranar a kalandar kowa tun taron farko na shekara.