Motar lantarki a Saudiyya: mai ja da baya ko mai ja da tayoyi huɗu?

Sana'ata taya ce, a wani banshar, wato shagon gyaran taya, da ke kudancin Jidda nake aiki. Tun da motocin lantarki suka fara yawa a titi, 'yan'uwanmu na Jidda da Makka babu tambayar da suka fi kawo mini kamar wannan: in ɗauki mai ja da tayoyin baya, ko in ƙara kuɗi in ɗauki mai ja da huɗu? Ra'ayina shi ne, in dai zirga-zirgarka a kan kwalta take, daga gida zuwa wurin aiki, Juma'a Harami, jefi-jefi Madina, to mai ja da baya ta ishe ka, kuɗin da za ka ƙara kuma batir ya fi cancanta da shi. Ga yadda za ka auna da kanka kafin ka sa hannu a takardar wakala, wato kamfanin dillancin motar.

Fara da sanin abin da ake sayar maka. Wadda aka rubuta wa RWD inji ɗaya gare ta, yana tsakanin tayoyin baya. Wadda aka rubuta wa AWD an ƙara mata inji na biyu a gaba. Babu dogon ƙarfen da ke haɗa gaba da baya irin na motar fetur, kwamfutar motar ce ke raba wa kowane inji aikinsa. Wasu kamfanoni, kamar Hyundai a Ioniq 5, sun sa abin da ke cire injin gaba daga aiki idan an miƙe hanya, don a rage shan caji. Ko an cire shi dai nauyinsa yana nan, kana ɗauke da shi duk inda ka nufa.

Masu tsoron mai ja da baya yawanci tsohuwar Hilux suke tunawa, wadda in bayanta babu kaya take wulla gindi da zarar an taka ta a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Motar lantarki ba haka take ba. Batirinta shimfiɗe yake a ƙarƙashin kujeru, nauyin ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, don haka tayoyin baya a danne suke da ƙasa. Kuma da taya ta fara zamewa, kwamfuta ta rage mata ƙarfi kafin kai ma ka ankara.

Sai babban ruɗun da na fi so a fita daga cikinsa. Mutanenmu da sun ji tayoyi huɗu sai su ce ai dabal ce, wato motar shiga yashi, za a je kashta, wato yawon shaƙatawa a sahara, da ita. Wani dattijo da nake yi wa aiki ya shiga yashi da tasa wajen Usfan da iyalinsa, aka kawo ta a kan motar ɗaukar mota, wato sat'ha. Da muka ɗaga ta, murfin da ke kare ƙasan motar ya tsage daga gaba, yashi ya cika kowane lungu, gefen taya ɗaya ya kumbura. Ya ce, “Ɗana, ba sun ce huɗun duka suna ja ba?” Na ce, “Suna ja, Baba Alhaji, cikinta ne ya zauna a kan yashi, tayoyin suka rasa abin takawa.” Yashi tsayi yake so daga ƙasa, da taya mai kaurin gefe wadda za a rage wa iska. Ƙaramar motar lantarki tsakaninta da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba, tayarta siririn gefe gare ta, nauyinta ya kai tan 2, kuma abin da ya fi komai tsada a jikinta shi ne a can ƙasa. In yashi ne burinka, ka nemi motar da aka ƙera domin yashi.

Yanzu ɗauko biro ka yi lissafin nisa, don a ƙasar nan shi ne gaba da komai. Ɗauki BYD Seal misali, tunda batir iri ɗaya ne a manyan samfuranta biyu, kilowat-awa 82.5, wato ma'aunin wutar da yake ɗauka. A gwajin Turai mai ja da baya tana cin kilomita 570 a caji ɗaya, mai ja da huɗu 520. Mai huɗun ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, doki 530 a kan 313, tana kai gudun 100 cikin daƙiƙa 3.8 yayin da ɗayar ke ɗaukar 5.9. To a ina za ka yi wannan gudun? Kyamarorin Sahir suna kan kowace babbar hanya, tararsu kuma ba wasa ba ce. Shi kuwa kilomita 50 ɗin da ka rasa, a kan hanyar Madina za ka neme shi.

Gwajin nan a yanayi mai daɗi ake yinsa, wajen digiri 23. Mu kuma muna tafiya a zafin Yuli, mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, a ƙure, gudu 120, ita ma motar tana kashe wuta wajen sanyaya batirinta. Ni abin da nake gaya wa kowa, ya cire kashi ɗaya cikin huɗu daga abin da aka rubuta. Ka ga 570 ta dawo wajen 430, 520 ta dawo 390, Jidda zuwa Madina kuma kusan kilomita 420 ne. Ko wacce ka saya sai ka tsaya caji a hanya, kada ka yi ganganci da iyali a cikin zafin nan, amma mai inji ɗaya za ta kai ka wurin cajin da sauran numfashi. Kamfanin EVIQ, wanda asusun zuba jari na gwamnati da kamfanin wutar lantarki suka kafa a 2023, ya ce yana nufin kafa na'urorin caji sama da 5,000 kafin 2030. Kai dai ka buɗe manhajarsu yau, ka ga waɗanda suke aiki a kan hanyar da kake bi.

Kuɗin wutar kansa kada ya dame ka. A gida halala 18 ne (halala 100 ce riyal ɗaya) kowane kilowat-awa matuƙar ba ka wuce 6,000 a wata ba, wato cika batirin Seal daga ƙasa bai fi riyal 15 da 'yan kai ba kafin haraji, alhali litar fetur 91 riyal 2.18 ce. Bambancin shan wuta tsakanin samfuran biyu ba zai taɓa aljihunka ba.

Akwai inda lissafin ke juyewa, sai ka lura. Wasu kamfanoni suna haɗa inji biyu da babban batir, su bar mai inji ɗaya da ƙarami, sai ka ga mai ja da huɗu ta fi cin nisa. Ba injin ne ya ba ta nisan ba, batirin ne. Saboda haka tambayar farko a wakala ita ce girman batirin kowacce, ta biyu kuma: akwai mai inji ɗaya da babban batir? In akwai, ita ce motar ƙasar nan. In babu, kuma kai mai yawan doguwar tafiya ne, to ka ɗauki mai huɗun saboda batirinta. Wannan tambayar za ta yi maka aiki a wurin Tesla, da ta buɗe a Riyad a Afrilun 2025, da wurin Lucid, da ke harhaɗa motoci a birnin Sarki Abdullah kusa da Rabig tun 2023. Ita Lucid Air Pure ta yanzu da baya take ja, Touring da Grand Touring da huɗu. Ka kuma tambayi irin batirin. Wanda ake kira LFP, irin na BYD, ya fi haƙuri da zafi kuma ba ya ƙin a cika shi fal.

Masu hawa Da'ifa ta hanyar Hada suna yawan cewa dole sai mai huɗu. Ba dole ba ne. Da'ifa ta haura mita 1,800, injin fetur yakan yi kasala a can sama saboda ƙarancin iska, na lantarki kuwa ko a jikinsa. Doki 300 a tayoyin baya sun isa su haura kwanonin nan da mota cike da mutane. Saukowa ce ke buƙatar sani: kana ɗaga ƙafa injin ke riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir, amma in batirin a cike yake babu inda wutar za ta shiga, sai nauyin duka ya koma kan birki. Kada ka cika shi ɗari bisa ɗari a Da'ifa in za ka gangaro Makka. Wanda ke zaune a Abha ko Baha, inda hazo da ruwa da hawa mai santsi suke abin kullum a lokacinsu, shi kam ba zan hana shi ƙara kuɗin ba.

Ruwan Jidda fa? Ranar da aka yi ruwan farko bayan dogon fari, mai da ƙura sukan taso kwalta ta yi santsi. Inji biyu zai taimaka maka wajen tashi daga danja. Wajen tsayawa babu abin da zai ƙara maka, birki huɗu ne a kowace mota, taya ce ke tsayar da kai. Wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009 ko ta Nuwamban 2022 kuma ya san ba a shiga nafaƙ, wato hanyar da ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, in ruwa ya taru, ko da wace irin mota.

Bari in zo kan abin da hannuna ke taɓawa kullum. Motar lantarki tana cin taya fiye da ta fetur mai girmanta, saboda nauyi da kuma yadda take fizga daga tsaye. Mai ja da baya tayoyin baya take fara cinyewa. Maganinsa sauƙi ne, ka riƙa juya na gaba zuwa baya duk kilomita 10,000. Amma kafin ka saya, tsuguna ka karanta lambar da ke gefen tayar gaba da ta baya. In ba ɗaya ba ne, wato na baya sun fi faɗi, ba su juyuwa, za ka riƙa sayen na baya kusa-kusa. Mai ja da huɗu tana raba cin, sai dai yawanci da manyan ƙafafu take zuwa, tayarsu ta fi tsada, kuma mai doki 500 a ƙarƙashin ƙafarsa da wuya ya taka a hankali. Ina ganin irinsu, zanen tayar ya shafe tun motar tana ƙamshin sabunta. Ka sa hannu ka shafa gefen ciki, can ne yake fara cinyewa ba ka gani ba. Wasu tayoyin kuma akwai soso manne a cikinsu don rage ƙara, ka gaya wa mai faci tun kafin ya fara, sai an yanke soson wurin hujin facin zai kama. Mafi yawansu ba su zuwa da safaya.

Kafin ka yanke, ka nemi farashin ta'amin shamil, wato cikakkiyar inshora, na samfuran biyu, don bisa darajar mota ake yanka shi, mai tsada inshorarta ma ta fi tsada kowace shekara. Haɗa wannan da bambancin farashin da kuɗin taya huɗu, ka ga ko ƙarfin da za ka samu ya kai hakan. Ka tuƙa duka biyun a rana ɗaya, a hanya ɗaya, da mukayyif a kunne, ka duba abin da allon ya nuna kowacce ta sha. Ka sa a rubuta maka garantin batir da na inji, shekarunsa da kilomitarsa, yawancin kamfanoni shekara 8 suke bayarwa. Sannan ka ajiye lambar mai sat'ha a wayarka. Ko wacce ka ɗauka ba a jan ta da igiya tayoyinta na juyawa a ƙasa, don injin zai riƙa haifar da wuta ya lalata kayan cikinta, ɗora ta ake yi gaba ɗaya.