Yadda za ka koya wa yaran firamare Sifaniyanci ta intanet

Gwada kyamara da makirufo tun kafin yara su shigo.

Fara da gaisuwa. Ka ce "Hola", kowa ya amsa da "Me llamo", wato "sunana", ya faɗi sunansa. Ka sanar da su cewa ba a furta harafin h, "ola" ake cewa, don nan suka fi tuntuɓe.

Sai ƙirga. Ɗaga yatsu daf da kyamara: uno, dos, tres. Bar su su ƙirga abin da ke gabansu, ko fensir ne. Hayaniya za ta yi yawa, ƙyale su.

Bayan nan nuna musu ƙasashen da ake magana da Sifaniyanci a taswira: Sifaniya, Meziko, har Ikwatoriyal Gini a Afirka. Ba su labarin 6 ga Janairu, ranar da yaran Sifaniya ke karɓar kyaututtuka.

Da ka ga sun fara hamma, sallame su da "Adiós".