Ajiye ƙwallo kafin girin: kurakuran da na gaji da gani

Kusan duk ranar da na fita wasan golf tare da sababbin shiga sai na ga abu ɗaya. Mutum yana yadi 210 daga tuta, ga tafki shimfiɗe a gaban girin, wato lallausar ciyawar nan da ramin yake cikinta, sai ka ga ya zaro sanda mafi tsawo a jakarsa ko shawara da zuciyarsa bai yi ba. Ƙwallon ta tashi, ta faɗa ruwa tsundum. Ya karɓi tarar bugu ɗaya, ya ajiye wata yana huci, ya sake aika ta wurin 'yar'uwarta. A rami ɗaya ya rubuta 9, in an tashi kuma ya ce yau sanduna ba su karɓe shi ba. Ina ruwan sanduna?

Akwai ramukan da aka tsara su musamman don su yaudare ka. Wanda ya zana filin ya sa ruwa ko ramin yashi mai zurfi daidai inda ƙwallon mai kwaɗayi za ta sauka, ya kuma bar maka fili mai faɗi kafin nan, kyauta. Wanda ya gane, sai ya yi abin da muke kira ajiya: ya buga gajere da gangan, ya ajiye ƙwallonsa kafin hatsarin, ya shiga girin da bugu na gaba.

Babban kuskuren, wanda ni ma na sha ɗacinsa, shi ne auna kai da bugun da ya fi kowane kyau a rayuwarka. Na taɓa buga sandar dogon bugu da ake kira katako mai lamba uku ta yi yadi 225, sau ɗaya, iska na bayana, ƙasa kuma a bushe. Tun daga ranar na ɗauka wannan ne nisana. Wata gasa ta 'yan kulob, ina gaba da bugu biyu, saura ramuka biyu, na tsaya a rami mai ƙa'idar bugu biyar, wato adadin bugun da ake sa ran gwani ya gama shi da su, rafi ya ratsa gaban girin, sai na tsallake yadi 205 a sama kafin in tsira. Dattijon da ke riƙe mini jaka ya miƙo mini ayan mai lamba bakwai, sandar ƙarfe da ba ta kai katako nisa ba, ya ce, “Yallaɓai, a ajiye ta kawai, bugu biyar ya ishe mu.” Na ture hannunsa. Har yau ina jin ƙarar faɗawar ƙwallon nan. Na ajiye wata, hannuna na rawa, na tura ta ramin yashi, na fita da 8. Bai ce mini komai ba har muka gama, kuma shirun nasa ya fi mini zafi a kan kofin da na rasa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, yadi 225 ɗin nan har da gudun da ƙwallon ta yi a ƙasa. Ruwa kuwa ba a gudu a kansa. Nisan da ƙwallo ke yi a sama kafin ta sauka, shi ne kaɗai lissafin da tafki ya sani, kuma yawancin 'yan koyo ba su san nasu ba. Ka je wurin atisaye, ka buga ƙwallo goma da sandar da kake taƙama da ita, ka lura da inda kowace ta fara taɓa ƙasa, har da waɗanda ka daki ƙasa kafin ƙwallo da waɗanda suka karkace. Ni dai dokata ita ce, in bakwai cikin goma ba za su tsallake ba, ba na gwadawa. Wasu za su ce shida ma ya isa. Su suka sani, ƙwallayensu ne.

Yi lissafin da kanka. Ka ajiye da bugu na biyu, ka hau girin da na uku, ka gangara ƙwallon zuwa rami sau biyu, biyar ke nan, ƙa'idar ramin. In abin ya ɗan cije, shida, bugu ɗaya sama da ƙa'ida, wanda a golf ake kira bogi, kuma ba kamar bogin da muka sani ba, wannan sahihi ne, ba ya kashe wasa. In kuwa na biyun ya shiga ruwa, tara ta zama na uku, kana buga na huɗu daga wurin da mai ajiya yake buga na ukunsa. Shida ta zama sa'a, ga kuma ɓacin rai da zai bi ka rami na gaba.

Masu cewa ajiya aikin ragwaye ne, su je su faɗa wa Zach Johnson, ƙwararren ɗan golf na Amurka. A gasar Masters ta 2007 a filin Augusta National, sau 16 ya buga ramuka masu bugu biyar cikin kwana huɗu, ko sau ɗaya bai nemi girin da bugu na biyu ba. A waɗannan ramukan kaɗai ya rage bugu 11 daga ƙa'ida, ya ɗauki gasar da tazarar bugu biyu, Tiger Woods na cikin waɗanda ya bari a baya. David Toms ma, a gasar PGA ta 2001 a Atlanta, ya zo ramin ƙarshe yana gaban Phil Mickelson da bugu ɗaya. Ramin mai bugu huɗu ne, ruwa a gaba, saura masa sama da yadi 200, ƙwallon kuma ba ta zauna masa daidai ba. Ya ajiye, ya bar wa kansa yadi 88, ya ɗaga ta zuwa ƙafa 12 daga rami, ya zura, ya ci gasa. Waɗannan mutane da golf suke ci da iyalansu. Kai da kake fitowa ranar hutu, jarumtar me kake nunawa, kuma wa kake nuna wa?

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don mai yin sa ya riga ya yanke shawarar kirki sannan ya ɓata ta da hannunsa. Shi ne ajiyar rabi da rabi. Ka yarda za ka ajiye, amma zuciyarka na can girin, sai ka ce bari dai in matsa kusa da bakin ruwan iya yadda zan iya. Ruwa na yadi 170, ka ɗauki sandar yadi 165. To ranar ce kuma za ka same ta tsaf a tsakiyar sanda, ta sauka a ƙasa mai tauri, ta yi tsalle biyu, ta gangara ciki a hankali kana kallo. Wannan ma ya faru da ni, har sau biyu a wata guda, kuma babu abin kunya a golf da ya kai ka jefa ƙwallo a ruwan da kake gudu. Ka rasa ladan jarumta, ka rasa na haƙuri, an yi ba a yi ba.

Maganina mai sauƙi ne. Ina tambayar kaina, idan na buga wannan sandar bugu mafi kyau, ta kuma yi gudu, za ta kai ruwan? In amsar e ce, na mayar da ita jaka na ɗauki wadda ke ƙasa da ita. Yadi 20 nake bari tsakanina da hatsari, lokacin da ƙasa ta bushe kuwa 30. Sannan ba na ajiya haka kawai. Ina da nisan da nake so, yadi 90, don nan ne nake buga ƙaramar sandata da cikakken lilo ba tare da tunanin ragewa ba. In tuta na yadi 230, sai in cire 90, in nemi sandar 140. Shi ke nan. Kuma ka zaɓi gefe: tuta na dama a bayan ramin yashi, ka ajiye ta hagu, don girin ya buɗe maka tsawonsa. Bugun ajiya yana bukatar saiti kamar kowane bugu. Sau nawa na ga mutum ya sassauta, wai ai ajiya ce, ya yi lilon ganin dama, ƙwallon ta shige doguwar ciyawa, wahalar da ya guje wa ta riske shi ta wata ƙofar.

Akwai kuma masu ganin cewa a rami mai bugu uku dole ne a nemi girin daga wurin tashi. Wa ya ce? Billy Casper, a gasar US Open ta 1959 a filin Winged Foot, ya dubi rami na uku, mai tsawon sama da yadi 200 da ramukan yashi masu zurfi dama da hagu, ya ƙi tunkararsa. Duk zagaye huɗun gaban girin yake ajiyewa, ya ɗan ɗaga ta, ya zura da bugu ɗaya. Uku, uku, uku, uku. Da bugu ɗaya ya lashe gasar. Haka rami na 17, mai bugu huɗu, a tsohon filin St Andrews na Sikotland: hanya da katangar dutse a bayan girin, ƙaramin ramin yashi mai zurfin gaske a gaba ta hagu. Masu hankali gaba ta dama suke nema su gangara daga nan. Tommy Nakajima ya faɗa yashin nan a 1978, sai da ya yi bugu huɗu kafin ya fito, ya rubuta 9.

Rashin duba maki ma kuskure ne. Jean van de Velde ya zo ramin ƙarshe na gasar British Open a filin Carnoustie na Sikotland a 1999 yana gaba da bugu uku, ko 6 ya buga a rami mai bugu huɗu kofin nasa ne. Gajerun bugu uku da sun kai shi girin lafiya. Ya nemi girin da doguwar ayan, ƙwallon ta daki wurin zaman 'yan kallo ta dawo cikin ciyawa, daga nan sai rafi, har ya cire takalmi ya shiga ruwa yana tunanin bugawa daga ciki. Ya tashi da 7, Paul Lawrie ya ɗauke kofin a wasan raba gardama. Gani ga wane.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya koma ajiya a ko'ina. Masu nazarin alƙaluman golf, irin su Mark Broadie na Jami'ar Columbia, sun nuna cewa in babu hatsari, kusanci ya fi riba: mai bugawa daga yadi 40 yakan fi mai bugawa daga 100 kusantar rami. Gaskiyarsu ne, ko da yake ni ban rabu da yadi 90 ɗina ba, tsufa da sabo. In gaban girin a buɗe yake, ba ruwa, ba iyakar fili, sai ɗan yashi marar zurfi, ka buga abinka.

Sauran ƙanana ne. Ƙwallo ta nutse a doguwar ciyawa, ko tana kan gangare, kada ka nemi ta tsallake ruwa, fito da ita kawai. Iska na fuskarka, lissafin jiya bai yi aiki yau ba. Girin da ya gangaro daga baya zuwa gaba, gara ka gaza ka gangara ta zuwa sama, a kan ka zarce ka gangaro da ita ƙasa. Bayan ka ajiye, ka nemi tsakiyar girin, kada ka ce sai ka rama a tutar da ke bakin ruwa. Abokan wasa kuma za su tsokane ka, za su ce ka tsorata. Ni nakan ce musu e, na tsorata, sannan in tambayi wanda ya fi baki ko ƙwallo nawa suka rage masa a jaka, don ba zan ara masa tawa ba.