Yadda Ake Ɗora wa Tsohuwar Marsandi V-boot Injin Toyota

Duk mai V-boot a Gombe ya san inda ciwonta yake. Jikinta garau, amma injin 300E, wato M103, da zarar na'urar raba mansa ta KE-Jetronic ta tsufa sai shan mai da gardamar tashi da safe, ga masu iya gyaranta sun yi ƙaranci. Masu injin M104 na farkon shekarun 1990 kuwa rigar wayoyinsu ce ke ruɓewa. Shi ya sa ake komawa injin Toyota. Aikin yana yiwuwa, sai dai ka zaga garejin garin nan ka ga V-boot nawa aka cire wa inji aka kasa mayarwa, ƙura ta rufe su.

Kada ka sayi injin Camry don yana da araha. Shi a gicciye yake zama, tayoyin gaba yake ja, ita kuwa Marsandi da na baya take tafiya. Injin da ya dace shi ne 2JZ-GE na Lexus GS300: silinda shida a jere kamar wanda za ka cire, lita 3.0, ƙarfin doki kusan 220. Wasu na kwaɗayin 1UZ mai silinda takwas na LS400. Yana shiga, amma wurin akwatin sitiyari da salansa matsatsi ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ban ga dalilin ɗaukar wa kai lita 4.0 ba.

Ko Ƙofar Ruwa ta Kano ka nufa ko Ladipo ta Legas, ka tafi da mai wayarin ɗinka. Inji, giya, biren-bos (kwamfutar da ke sarrafa injin), wayoyi cikakku da ba a datse ba, da na'urar auna iska, duk su fito daga mota ɗaya. In mai VVT-i ne (tsarin Toyota na sauya lokacin buɗe bawul), irin na 1998 zuwa sama, har da makullinsa, domin biren-bos ɗin ba zai ba da wuta ba sai ya gane shi. Mai kaya zai ce maka, "Alhaji, waya ai ba matsala ba ce, a can za a haɗa maka." Kada ka yarda. Rangwamen da ya yi maka a tsiraran inji, ninkinsa za ka kashe wajen neman soket ɗaya-ɗaya. Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa ko akwai daskararren datti, a juya injin da sifana a gabanka, a kuma rubuta lambarsa a rasit. Tun yana ƙasa a canza masa bel ɗin taimin da famfon ruwa.

Zaunar da injin shi ne inda akasari ake faɗuwa, kuma gaggawa ce ke jawowa. Maigidan gareji na son a ji ƙarar inji kafin Juma'a, sai a zura shi a kira mai walda ya ƙone ƙarfe, shi ke nan an ɗaure kuskure.

Fara da kaskon baƙin mai, wanda makanikai ke ce wa botom-filet. Na GS300 tumbinsa a gaba yake, na Lexus SC300 kuwa can baya-baya. Mai tumbi a gaba shi ya dace da V-boot, shi ya sa na ce GS300. A sauke injin da giyarsa a haɗe, yana rataye a sarƙa, a tallafe shi da jak da katako. Tsakanin kaskon da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin motar a bar faɗin yatsa biyu aƙalla, saboda inji yana motsi in an ba shi wuta, roba kuma tana lotsawa in ta kwana biyu. Yaro ya shiga ya murɗa sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, kai kana kwance a ƙasa da tocila kana kallon ko sandar za ta goga wani abu. Sannan ka cura laka kamar girman lemun tsami, ka ɗora a wuri mafi tsayi a saman injin, ka rufe bonet a hankali ka buɗe. Kaurin da lakar ta rage shi ne sararin da kake da shi.

Sai layi. Ɗaura zare daga tsakiyar fulin gaban inji, ya bi ta wutsiyar giya har bakin aksul na baya. Dole su zo a miƙe. Farfelar Marsandi, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul na baya, da faifan roba take haɗuwa, kuma robar nan ba ta jure karkata. In ka kauce ko kaɗan, motar za ta yi lafiya a cikin gari, amma da ka hau titin Bauchi ka sake mata ƙafa sai kujera ta fara kaɗawa, bayan 'yan watanni robar ta yage. Na ga masu canza taya, da masu zargin giya, alhali tun ranar walda aka yi ɓarnar.

Sai komai ya daidaita za a ɗiga walda kaɗan-kaɗan a maƙalan ƙarfen da za su riƙe injin, a sake aunawa, a fitar da su a ƙone sosai a waje. Farantin ƙarfen kada ya gaza milimita 6. Ka bar robobin zaman inji na Marsandi, sababbi, a ƙera maƙalai su same su. Wanda ya ce a liƙa inji kai tsaye a jikin mota don a huta, ka ɗauke motarka daga wurinsa. Farfela kuma rabin gaba na Toyota, rabin baya na Marsandi, a haɗa a wurin masu injin sassaƙar ƙarfe su daidaita nauyinta. Ba aikin mai waldar ƙofa da taga ba ne, ko da kuwa sai an aika da ita Kano.

Famfon man KE-Jetronic yana tura mai da matsin da ya haura 5 a ma'aunin "bar", Toyota kuwa wajen 3 yake so, don haka a sa abin rage ƙarfin ko a canza famfon. Lagireto sabo za ka saya. Zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40, tsohon lagireto ba zai ɗauka ba. Kada a cire tamostat, a sa wa fanka murfinta, a ƙara wa giya ɗan abin sanyaya mai a gaba.

Wayoyi a haɗa su da dalma, ban da murɗawa a naɗe da salatif. Biren-bos ya zauna inda zafi da ruwa ba sa kai masa. Na'urar auna zafi da ta baƙin mai a bar na Marsandi, don allurorin gaban direba su faɗi gaskiya. Mitar gudu a yawancin V-boot da kebul take aiki daga giya, ta Toyota kuwa da lantarki, sai an nemo abin da zai haɗa su. Bututun sitiyari, na AC da salansa duk ƙira ce, kowane gari akwai masu yi.

Gwaji a fara a cikin gari, sannan Kumo a dawo a sake ɗaure kowane noti, kafin a gwada ta a hawan Kaltungo da AC a kunne. Ka ɗauki rasit ɗin nan na sayen inji zuwa ofishin lasisi da VIO a sauya lambar inji a takardunka kafin ka yi doguwar tafiya.